Sirka dibelofa da ruwa: me lambobin 10, 20, 30 da 40 ke nufi ga mai rina gashi?

A shagunan gyaran gashi da na aski, da ma gidajen da mata ke yi wa juna rini, akwai tambayar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa: idan kwalbar dibelofa, wato ruwan da ake kwaɓa rinin gashi da shi, an rubuta mata 40, alhali rinin da za a yi 20 yake buƙata, shin zuba mata ruwa ya wadatar? Wasu masu sana'ar kullum haka suke yi, ba tare da wani ɗar ba. Wasu suna ganin ganganci ne da kawunan mutane. Kamfanonin da ke yin kayan kuwa, a 'yar takardar da suke sakawa cikin kwali, galibi cewa suke a bi umarni yadda yake, kada a ƙara kada a rage. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kayan waje suka yi tsada, tambayar ta ƙara nauyi, domin ba kowace mai ƙaramin shago ke iya jera kwalabe huɗu masu ƙarfi daban-daban a kanta ba.

Lissafin sirkin gaskiya ne, kuma ba shi da wuya. Sai dai ruwa ba ƙarfi kaɗai yake canzawa ba. Yawancin ɓarnar da ake ɗora wa sirki daga wasu wurare take fitowa: irin ruwan da aka zuba, tsufan kwalbar da aka fara da ita, yadda aka auna, da halin da gashin yake ciki tun kafin a taɓa shi.

## Abin da ke cikin kwalbar

Rinin gashi mai daɗewa, wanda wanki ba ya fitar da shi, kashi biyu yake zuwa. Akwai man rinin kansa, akwai kuma farin ruwa ko kirim ɗin da ake kwaɓa shi da shi, wanda masu sana'a ke kira dibelofa. Abin da ke aiki a cikin dibelofa shi ne haidurojin feroksaid, sinadarin nan da ake saye a kemis don wanke ciwo, mai yin kumfa idan ya taɓa rauni. Jama'a haidurojin kawai suke ce masa. Wani Bafaranshe masanin sinadarai, Louis Jacques Thénard, shi ya gano shi a 1818, kuma a baje kolin birnin Paris na 1867 aka nuna wa jama'a yadda yake sa gashi ya yi haske. Rinin kamfani ya biyo baya: a 1907 Eugène Schueller ya haɗa nasa a Paris, kasuwancin da daga baya ya zama L'Oréal.

Haidurojin na ɗauke da ƙarin oksijin, kuma a shirye yake ya saki wannan ƙarin. Don kada ya sake shi tun yana kan kanta, kamfani na ajiye shi cikin yanayi mai tsami, tare da wasu sinadarai masu riƙe shi. Man rinin akasin haka yake, yana ɗauke da amoniya ko wani ɗan'uwanta, masu ɗabi'a irin ta kanwa. Duk mai girki ta san yadda kanwa ke kashe tsami a tukunya. Haka amoniya ke kashe tsamin dibelofa da zarar an kwaɓa su, sai haidurojin ya fara aiki. Amoniya ta kumbura silin gashi, ɓawon da ke lulluɓe da shi ya ɗaga. Haidurojin ya shiga ciki ya farfasa melanin, wato sinadarin da ke ba gashi launinsa na halitta. Shi ne kuma yake harhaɗa ƙananan ƙwayoyin rinin, waɗanda ba su da launi sa'ad da suka shiga, su zama manya masu launi da ba za su iya fitowa ba. Wannan aikin yana da iyaka. Cikin minti 30 zuwa 45 kwaɓin ya gama yawancin abin da zai yi.

## Lambobi iri biyu a jikin kwalba ɗaya

Ruɗanin farko daga rubutun jikin kwalba yake tasowa, domin ma'auni biyu ake amfani da su. Ɗaya shi ne kaso cikin ɗari. Ɗayan shi ne lambar da ake bi da kalmar “vol”, wadda ke nuna yawan iskar oksijin da ruwan zai iya fitarwa. Lita ɗaya ta 20 vol, idan ta saki duk abin da ke cikinta, za ta ba da lita 20 na iska. Dangantakar ma'aunan biyu ita ce: 10 vol daidai yake da kusan kashi 3 cikin 100, 20 vol kashi 6, 30 vol kashi 9, 40 vol kuma kashi 12.

Saboda haka kwalbar da aka rubuta wa 6% da wadda aka rubuta wa 20 vol ƙarfinsu ɗaya. Amma wadda aka rubuta wa 30% ba 30 vol ba ce, ta haura vol 100. Wannan bambancin ya isa ya ƙona fatar kai, kuma za a dawo kansa a gaba.

Na kemis ma ba iri ɗaya ba ne. Ana samun mai kashi 3, ana samun mai kashi 6, sai an karanta. Ko ƙarfin ya yi daidai da na dibelofa, na kemis ruwa ne tsararo da aka yi don ciwo, ba shi da kaurin da zai riƙe rini a kan gashi.

## Abin da kowane ƙarfi ke yi

Masu rini suna auna duhun gashi da matakai daga 1 zuwa 10. Mataki na 1 baƙi ne wuluk, na 10 fari-fari ne mai ɗan rawaya. Gashin yawancin 'yan Afirka yana can ƙasan ma'aunin. A ƙa'idar da ake koyarwa, 10 vol launi yake sakawa ba tare da ya ɗaga na halitta sosai ba. 20 vol yana ɗagawa mataki ɗaya zuwa biyu, kuma shi aka saba amfani da shi wajen rufe furfura. 30 vol yana kai biyu zuwa uku, 40 vol uku zuwa huɗu.

Baƙin gashi ba ya tsallakawa fari kai tsaye. Sai ya bi ta ja-ja, ya zo ruwan goro, sannan rawaya. Shi ya sa saurayin da ya je shagon aski yana son gashi mai launin zinare, aka kwaɓa masa rini da 40 vol, yakan tashi da kai ruwan goro. Ba raunin dibelofa ba ne, iyakar rini ke nan. Wanda ke son wuce wannan sai da hodar bilicin ta gashi, mai ɗauke da sinadaran fasalfet, kuma wannan aiki ne daban mai nasa haɗarin. Haka nan gashin da aka taɓa rinawa baƙi ba zai yi haske da wani rinin ba ko da wane ƙarfi aka kwaɓa shi, domin rini ba ya ɗaga rini.

Akwai abin da ya kamata masu rufe furfura su lura da shi, tunda su ne mafi yawan masu rini. Furfura ba ta da melanin da za a farfasa. Abin da take buƙata shi ne a buɗe ta rinin ya shiga ya zauna, kuma 20 vol ya isa. Ƙarfi fiye da haka ba ya ƙara rufe ta. Sai dai ya ɗaga launin baƙaƙen silin da ke kewaye da ita su yi ja, ya bar gashin da ƙofofi a buɗe, rinin ya koɗe da wuri. Wanda ke son baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu ba shi da abin yi da 30 ko 40. Idan su kaɗai ke hannu, saukar da ƙarfinsu shi ne abin da hankali zai ɗauka. Tambayar ita ce ta wace hanya.

## Lissafin

Ƙa'idar guda ɗaya ce. A ɗauki yawan dibelofan da ake buƙata, a ninka shi da ƙarfin da ake so, a raba da ƙarfin da ke hannu. Abin da ya fito shi ne adadin da za a zuba daga kwalba, ragowar kuma ruwa ne. Mai buƙatar mililita 60 na 20 vol, alhali 30 vol take da shi, za ta ninka 60 sau 20 ta raba da 30. Ya ba ta 40. Ke nan mililita 40 na dibelofa, mililita 20 na ruwa.

Daga 40 vol, rabi da rabi yana ba da 20. Kashi uku na dibelofa da kashi ɗaya na ruwa yana ba da 30. Kashi ɗaya na dibelofa da kashi uku na ruwa yana ba da 10. Daga 20 zuwa 10 ma rabi da rabi ne.

Akwai hanyar da ba ta buƙatar ruwa ko ɗigo, wato haɗa dibelofa biyu. 20 da 40 daidai-wa-daida suna ba da 30, haka 10 da 30 suna ba da 20. Mai shagon da ta ajiye kwalabe biyu kacal, ta 10 da ta 40, tana iya fitar da duk ƙarfi huɗun: kashi ɗaya na 40 da biyu na 10 ya ba ta 20, kashi biyu na 40 da ɗaya na 10 ya ba ta 30. Ba a cika jin wannan a muhawarar ba, alhali ita ce hanyar da ta fi kauce wa matsalolin da ke tafe.

Hanyar sauka ce kawai, ba ta hawa. Zuba 20 vol ninki biyu ba ya mai da shi 40. Awon kuma da sirinji marar allura ake yinsa, ko kofin awo mai layuka, ko ƙaramin sikeli. Murfin kwalba da ƙiyasin ido ba ma'auni ba ne. A kwaɓi ƙarami kamar na gemu, kuskuren cokali ɗaya na iya canza ƙarfin da kashi ɗaya cikin huɗu.

## Sirki daban, ma'aunin kwaɓi daban

A nan gizo ke saƙa. Kowane rini yana da ma'aunin da kamfani ya tsara masa: ɗaya da ɗaya, ɗaya da ɗaya da rabi, ko ɗaya da biyu. Wannan ma'aunin bai shafi ƙarfin dibelofa ba, yawansa yake nufi. Sirki daidai shi ne a fara saukar da dibelofan shi kaɗai zuwa ƙarfin da ake so, sannan a auno adadin da rinin ya nema daga cikin wanda aka sirka.

A ɗauki rini mililita 60 mai ma'aunin ɗaya da ɗaya, wanda ke buƙatar 20 vol. Yadda kamfani ya tsara, kwaɓin zai zama mililita 120, rabinsa rini, haidurojin ɗin da zai hau kai kuma kashi 3 cikin 100. Mai 40 vol za ta kai ga wannan sakamakon idan ta haɗa mililita 30 na dibelofa da 30 na ruwa, ta zuba a kan rinin.

Ga yadda ake kuskurewa. Wata za ta zuba 60 na rini, 60 na 40 vol, sannan ta ƙara 60 na ruwa da niyyar rage kaifi. Kwaɓinta ya zama 180. Haidurojin ya tsaya a kashi 4, ya fi abin da ake so, rinin kuma ya koma kashi ɗaya cikin uku maimakon rabi. Launi zai fito shara-shara, furfura na leƙowa. Wata kuma za ta ce tunda 40 ya ninka 20, bari ta zuba rabin adadi kawai, ba ruwa. Kwaɓinta mililita 90 ne, haidurojin nan ma kashi 4, amma yanzu rinin da amoniyarsa sun kai kashi biyu cikin uku. Ya yi kauri ba ya shafuwa, launi ya fi duhu, fatar kai kuma ta sha sinadarin da ya wuce abin da aka gwada shi a kai. Dukansu biyun za su ce sun sirka, kuma babu wadda ta samu 20 vol.

## Wane ruwa, kuma wace kwalba?

Haidurojin ba ya shiri da ƙarfe. Ɗan abin da ba a gani na baƙin ƙarfe, jan ƙarfe ko manganis a cikin ruwa ya isa ya sa shi ya fara rushewa. Tun a 1894 wani masanin Ingila, Henry Fenton, ya bayyana yadda baƙin ƙarfe ke mai da haidurojin abu mai cin duk abin da ya tarar. A kan gashi ma'anar haka asara biyu ce: ƙarfin da ya kamata ya tafi wajen launi ya zube a banza, sannan abin da ya fito daga rushewar ya ci jikin silin gashin. Dalilin da ya sa ake hana kwaɓa rini a kwanon ƙarfe ko juya shi da cokalin ƙarfe ke nan. Roba ko gilashi ake so.

Ruwan rijiya da na burtsatse sun bambanta daga unguwa zuwa unguwa. Wanda ke barin jan tabo a bokiti ko a tanki yana ɗauke da ƙarfe, kuma bai dace da wannan aikin ba. Tafasa shi na kashe ƙwayoyin cuta, ba ya cire ƙarfen. Ruwan leda ya dogara da irin tacewar da masana'antarsa ke yi, ba a iya yi masa hukunci ɗaya. Wanda ya dace shi ne ruwan da aka tace ta hanyar tururi, wanda ba komai a cikinsa. Sai dai a kula: irin wannan ruwan ake zuba wa batirin mota, kuma a wurin masu batir akwai wani ruwan mai kama da shi sak wanda asid ne. Jarka marar rubutu daga can ba abin kusantar kan mutum ba ce.

Ko da ruwan mai kyau ne, ya rage tsamin da sinadaran da ke riƙe haidurojin. Saboda haka abin da aka sirka a take ake amfani da shi. Ba a sirka lita guda a ajiye don aikin mako. Wanda aka riga aka kwaɓa da rini kuwa ba a rufe shi a kwalba ko kaɗan, domin iskar da yake fitarwa na iya fasa ta.

Sai batun kwalbar asali. Lissafi yana ɗauka cewa abin da aka rubuta shi ne abin da ke ciki, alhali zafi da haske da yawan buɗewa suna rage ƙarfin haidurojin. A Kano, Sakkwato, Maiduguri ko Yamai zafin watan Afrilu kan haura digiri 40, kuma shago mai rufin kwano ya fi waje zafi. A ce kwalbar 40 ta daɗe a bakin taga har ta sauka zuwa 30. Wadda ta raba ta biyu da ruwa 15 ta samu, tana zaton 20 ne. Kwalbar da ta kumbura, ko ta yi huci da aka buɗe ta, ko kirim ɗinta ya rabu ruwa a sama, ta riga ta fara zubar da ƙarfinta. Akwai ma'aunin da ake tsomawa a gane ƙarfin haidurojin mai ruwa, amma ba ya aiki a kirim, kuma ba kasafai ake ganinsa a ƙananan shaguna ba.

## Masu cewa a yi da masu cewa a bari

Hujjar kamfanoni ita ce dibelofa ba haidurojin da ruwa kaɗai ba ne. Akwai abin da ke ba shi kauri, akwai mai laushi, akwai ma'aunin tsami da aka daidaita da rininsu, kuma a kan wannan haɗin suka yi gwaji. Ba za a musa cewa suna da riba a sayar da kwalabe huɗu maimakon ɗaya ba. Amma batun kauri gaskiya ne da kowa zai iya gani. Wanda ya sauko daga 40 zuwa 10 da ruwa, kashi uku cikin huɗu na abin da ke kwanonsa ruwa ne. Kwaɓin zai tsinke, ya gangaro goshi da bayan kunne, ya nufi ido. Inda ya yi siriri zai bushe da wuri, musamman a lokacin hunturu, kuma rinin da ya bushe ya daina aiki. Daga nan ake samun kai dabbare-dabbare.

Hujjar ƙwararrun da ke sirkawa ita ce sana'ar ta girmi dibelofa mai kirim. Sa'ad da haidurojin mai ruwa ne kaɗai a kasuwa, sirka shi da tataccen ruwa yana cikin abin da ake koya wa ɗalibai. Sinadarin bai canza ba, lissafin ma bai canza ba. Idan aka duba da kyau, yawancinsu mataki ɗaya suke sauka, daga 30 zuwa 20 ko daga 40 zuwa 30, inda ruwan bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba, kaurin bai lalace sosai ba.

Akwai rukuni na uku, masu sirkawa da kwandishana ko shamfu don kada kwaɓin ya tsinke. A lissafi ƙarfin yana sauka kamar yadda ruwa zai saukar da shi. Matsalar ita ce kwandishana an yi shi ne don ya kwantar da ɓawon gashi ya lulluɓe shi da mai, wato kishiyar abin da rini ke buƙata a wannan lokacin, kuma kowane iri da abin da ke cikinsa. Sakamakon ba ya tabbata. Haɗa hodar bilicin da shamfu don ɗan ɗaga launi dabara ce da masu sana'a suka sani, amma ba ita ce rufe furfura da rini mai daɗewa ba.

Idan aka auna ɓangarorin, saɓanin bai kai yadda ake zato ba. Haɗa dibelofa biyu na kamfani ɗaya ba shi da wata illa a zo a gani. Sauka mataki ɗaya da tataccen ruwa, a yi amfani da shi nan take, abu ne mai yiwuwa. Sauka mataki uku da ruwan famfo a ajiye a jarka shi ne wanda hujjar kamfanoni ta fi kamawa.

## Gashin da ya riga ya sha wani sinadarin

Silin gashin 'yan Afirka ba zagayayye ba ne, kuma yana murɗewa a tsawonsa, kowace murɗa wuri ne da zai iya karyewa. Rilaksa, ko mai soda ko wanda aka rubuta ba soda, yana miƙar da gashi ne ta hanyar tsinka igiyoyin da ke ɗaure sunadarinsa, kuma waɗanda suka tsinke ba sa komawa. Haidurojin ma waɗannan igiyoyin yake ci. Shi ya sa shawarar da aka saba bayarwa ita ce a bar aƙalla mako biyu tsakanin rilaksa da rini mai daɗewa, kada a wuce 20 vol, kuma a nisanta hodar bilicin daga irin wannan gashin. A nan saukar da ƙarfi ba tsimi ba ne, larura ce.

Lalle tsantsa ba ya faɗa da haidurojin, ko da yake jansa ba ya ɗaguwa da sauƙi. Wanda ake tsoro shi ne lallen kwali ko rinin da aka gauraya da gishirin ƙarfe. Idan dibelofa ya hau gashin da ya sha irin wannan, yana iya ɗaukar zafi, ya yi wari, gashin ya gutsuttsure. Sirki ba ya kawar da wannan. Gwajin da ke bayyana shi mai sauƙi ne: a yanko 'yan silin gashi daga ƙeya, a sa su cikin ɗan kwaɓin, a jira a gani.

Gashin kanti kuwa iri biyu ne. Na mutum yana karɓar rini, kuma tunda ba a kan fata yake ba ana iya yi masa aiki da ƙarfi mai yawa. Na roba, irin wanda ake ƙari da shi a kitso, ba shi da melanin kuma ba ya karɓar wannan rinin ko da wane dibelofa.

## Abin da sirki ba ya magancewa

Mutane da yawa suna ɗauka cewa rage ƙarfin dibelofa na kare su daga kumburi da ƙaiƙayi. Ƙunar da haidurojin ke yi ita ce ke raguwa. Borin jinin da ke sa fuska ta kumbura, ido ya rufe, kai ya yi ƙuraje masu ruwa kwana ɗaya ko biyu bayan rini, galibi daga wani sinadarin yake zuwa, wanda ake kira PPD, kuma a cikin man rinin yake, ya fi yawa a launuka masu duhu. Tarayyar Turai ta taƙaita shi zuwa kashi 2 cikin 100 bayan an kwaɓa. Ta kuma wajabta rubuta gargaɗi cewa irin wannan rinin ba na 'yan ƙasa da shekara 16 ba ne, kuma zanen baƙin lalle na iya ƙara haɗarin kamuwa da borin.

Wannan gargaɗin na ƙarshe ya shafi gidajen biki kai tsaye. Baƙin ƙunshi da ake yi da dayis sau da yawa PPD ne ke ba shi baƙinsa, kuma a kan fata yake zama. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ba ta amince a sa shi a fata ba. A Sudan, inda aka daɗe ana gauraya shi da lalle, likitoci sun rubuta rahotanni kan gubarsa, musamman ga wanda ya haɗiye shi: kumburin wuya da maƙogwaro, da lalacewar ƙoda. Jikin da ya taɓa yin bori da shi a hannu zai iya yi a kai bayan shekaru. Don haka gwajin shafa ɗan rinin a bayan kunne ko a cikin gwiwar hannu, a jira awa 48 a ga ko jiki zai yi bori, yana nan a matsayinsa, ko da 10 vol za a yi aiki.

Hodar rini da ake kwaɓawa da ruwa zalla ma tana da nata sinadarin da ke sakin haidurojin idan ya jiƙa. Ƙara mata na kemis ko dibelofa ɗora ƙarfi ne a kan ƙarfi.

## Na masana'anta da iyakar doka

A dokar kayan kwalliya ta Tarayyar Turai ta 2009, kashi 12 cikin 100, wato 40 vol, shi ne iyakar haidurojin a kayan gashi. Na fata kashi 4 ne. Daga Fabrairun 2021 wata dokar Tarayyar ta hana sayar wa jama'a haidurojin da ya wuce kashi 12 ba tare da izini ba. A Najeriya NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke rajistar kayan kwalliya, kuma lambarta a jikin kwalba na nuna cewa an san wanda ya yi kayan da abin da ya ce ya zuba.

A wurin masu sayar da sinadarai ana samun haidurojin na masana'anta mai kashi 35 ko 50, wanda ake amfani da shi a masaƙu da kamfanonin takarda. Mai kashi 35 ya kai kusan vol 130. A takarda ana iya lissafa saukar da shi, amma haɗarin yana wurin zubawar: yana ƙona fata nan take ya mai da ita fari, ɗigo ɗaya a ido na iya yin lahanin da ba ya gyaruwa, kuma ba a tace shi don jikin mutum ba. Wanda ya karanta 35 ya ɗauka vol ne ya ɗora wa kai ƙarfin da ya ninka zatonsa fiye da sau uku.

## Yadda abin ke shafar mai shago da mai zuwa rini

Ga mai shago, lita ɗaya ta 40 vol tana iya zama lita biyu ta 20, kuma wannan tsimi ne na gaske. Abin da ke cinye shi shi ne babbar kwalbar da ke daɗewa a buɗe tana rage ƙarfi, da aikin da ya ɓaci aka sake shi kyauta da wani sabon rinin. Shagon da ba ya samun masu rini kullum ya fi samun sauƙi da ƙananan kwalabe. Yaran shago, waɗanda galibi su ke kwaɓawa da wankewa, su ne hannunsu ke fara tsagewa idan babu safar hannu, kuma ƙurar hodar bilicin sananniya ce wajen jawo asma ga masu wannan sana'ar.

Mai zuwa rini tana da haƙƙin ta ga kwalbar da aka ɗebo, ta ji ƙarfin da za a sa mata, ta kuma faɗi gaskiya kan rilaksa, lalle ko baƙin rinin da ta yi a baya. Dibelofan da aka ɗura a ƙananan robobi marasa rubutu ana sayarwa shi ne mafi wuyar sha'ani, domin ba a san ƙarfinsa na farko ba, ba a san ko an riga an sirka shi ba, ballantana da wane ruwa. Babu lissafin da zai yi aiki a kansa.

Idan an shafa rini, ɗan ɗumi ko tsikari kaɗan ba abin mamaki ba ne. Zafi mai ƙaruwa alama ce ta a wanke nan take da ruwa mai yawa, ba a jira lokaci ya cika ba. Ɗaure kai da leda ko shiga injin busar da gashi na ƙara saurin aikin, don haka ba a yin su sai takardar rinin ta ce a yi. Idan rinin ya shiga ido ana wanke shi da ruwa mai gudana na minti 15, sannan a ga likita. Kumburin fuska, leɓe ko wuya, ko numfashi ya fara wuya, asibiti ake nufa kai tsaye, a tafi da kwalin rinin a hannu.